Juma'a Uku da Na'urar Kawunku Ba Ta Amsa Ba

Kun tashi kun tarar Kawu Sabi'u ba ya taka gidan nan, ko da salla ko da suna, kuma na san hukuncin da kuka yanke a ranku. Kun ɗauka kunyar abin da aka ce ya yi ce take hana shi zuwa. Aminu ya taɓa faɗa a gabana, yana wanke babur a tsakar gida, wai ai mara gaskiya ko cikin ruwa sai ya yi jiɓi. Na ji shi sarai, na ɗauki butata na wuce. Yanzu da likita ya raba ni da gishiri da doguwar tafiya, ba ni da sauran wurin ɓuya, don haka ku karanta da kyau. Kawunku bai saci komai ba. Ni ubanku, ni na ɓata masa suna, ina zaune a kan kujera mai juyawa a wani ɗaki mai sanyi a Gwarzo.

Kun san ban yi boko mai zurfi ba. Gyaran rediyo na fara, na koma buga takardu, kwamfuta kuwa sai da furfura ta fara leƙowa sannan na koye ta, kwas na wata shida a Kano. Ina cikin shekaruna na hamsin wani kamfani ya zo da aikin rijistar manoma da aika musu labarin damina da na iri. Ba zan kama sunansa ba, don ba shi ya yi laifin ba. Suka kama gini a Gwarzo, suka toshe tagogin ɗaki guda, suka sa esi biyu na sanyaya ɗaki da janareto da jerin batura, suka kafa kabad uku na ƙarfe cike da manyan na'urori masu ƙugi dare da rana. Daga wannan ɗaki ake kula da ƙananan na'urori da aka rarraba a ƙauyukan Gwarzo da Kabo, irin su Gammo da Unguwar Tudu da yankin Dugabau. Kowace ba ta fi akwatin rediyo girma ba, da solarta da batirinta da mutum guda mai tsaronta. Aka ɗauke ni mai kula da ɗakin, a ƙarƙashin wani injiniya ɗan Kano wanda a shekaru na haife shi, yaro mai ladabi, Baba Isiyaku yake ce mini. Da aka nemi amintacce a wani ƙauye kusa da Dugabau, ni na kai sunan yayan mahaifiyarku. Shi ne na'ibin limamin garin, mutumin da in ya tsinci allura sai ya yi cigiya.

Akwai manhaja guda da take riƙe da lissafin duk kayan nan a kanta: wace na'ura ce a ina, zafinta nawa, batirinta ya yi ƙasa ko bai yi ba. Sau ɗaya a mako tana yin abin da injiniya yake kira diskobari, ni kuwa kiran suna nake ce masa, don ba shi da maraba da abin da malamin aji yake yi da safe. Manhajar za ta bi layi ta ƙwanƙwasa wa kowace na'ura, wadda take kunne ta amsa, a rubuta tana nan. Akwai kuma wata doka a cikinta da na karanta sau ɗaya na manta: duk na'urar da aka kira sau uku a jere ba ta amsa ba, sai a rubuta ta ɓata, a soke sunanta, a rufe mata ƙofa.

Da farko ni nake tayar da kiran da hannuna ranar Talata da safe. Amma duk lokacin da yake gudana sai layi ya yi nauyi, masu rijista a ƙauyuka su yi ta kira suna mita, manoma sun yi layi a rana. Injiniya ya ce in saita shi ya riƙa tashi da kansa a lokacin da babu mai aiki. Na yi tunani, na ga ai babu lokacin da ƙasar nan take tsayawa cak kamar Juma'a da ƙarfe ɗaya da rabi. Na saita, na kira shi ya gani.

"Kai, Baba Isiyaku, ka iya! Ni wallahi ban kawo wannan a raina ba."

Na yini ranar ina jin kaina kamar ni na ƙera kwamfutar. Abin da ban tuna ba shi ne maganar da na yi da bakina ranar da aka tara masu tsaro aka koya musu aiki. Na ce musu kada kowa ya bar na'ura a kunne in zai bar wurin, saboda tsawa da kuma batir. Mutum goma sha wani abu suka ji wannan magana, suka gyaɗa kai, suka koma gida suka watsar. Malalaci ya bar tasa a kunne ya tafi masallaci, aka kira ta ta amsa. Mutum ɗaya ne ya ɗauki maganata da nauyi. Kowace Juma'a, sha biyu na yi, kawunku zai kashe na'urar, ya lulluɓe ta da wani ƙyalle da matarsa ta ɗinka mata, ya datse ƙofa da kwaɗo, ya tafi ya yi wanka. Kullum da safe kuma sai ya goge ta da tsumma mai ɗan danshi, kamar mai wanke jariri.

Juma'a uku suka wuce. Ranar Asabar ta uku ya kira ni a waya. Bayan mun gaisa, ya tambayi gida da yara ɗaya bayan ɗaya kamar yadda ya saba, sai ya ce:

"Isiyaku, yarinyar nan fa ta ƙi magana. Fitilarta tana ci, amma ba ta kai saƙo."

"Sabis ne, Yaya. Ka ba ta kwana biyu."

Ya ba ta kwana goma, yana kirana kullum, ni kuma ina ce masa sabis ne, don kalmar nan ba ta da tsada. Da ya dame ni, sai na shigar da na'urar da hannu. Manhajar ta karɓe ta a matsayin baƙuwa, ta ba ta sabuwar lamba, aiki ya ci gaba. Tsohon sunan yana can a rubuce cewa ta ɓata. Haɗa biyun aikin minti biyar ne. Na ce sai gobe, na tafi cin abinci.

Bayan kamar wata guda masu binciken kaya suka zo daga babban ofis, mutum biyu da takarda a hannu, wadda manhajar ta fitar musu. Takardar ta ce na'urar da aka kai ƙauyen kawunku ta ɓata, kuma akwai wata da ba a san asalinta ba tana aiki a wurin. Suka je, suka juya na'urar don su duba lambar kamfani da ke jikin sitika a bayanta. Sitikar ta yi fari fat. Gugar da yake yi mata kullum ta cinye rubutun, ko harafi ɗaya bai rage ba. Ba su wahalar da kansu ba. Suka ce ya sayar da ta ainihin ya kawo jabu.

Ana gobe za a zauna a ƙofar gidan mai unguwar garin, na buɗe kundin da manhajar take rubuta duk abin da ta yi. Da la'asar ce, na tuna, don ina jin kiran salla ta bayan bango. Layi uku na gani, kowanne da ranar Juma'a, kowanne ƙarfe ɗaya da rabi, kowanne an kira ba a amsa ba. A ƙasansu layi na huɗu, an soke. Ba sai wani ya fassara mini ba. Ɗakin nan da nake sa rigar sanyi a cikinsa, sai ga ni gumi ya jiƙa mini baya. A watan ne za a sabunta takardun aikinmu, kuma injiniya ya riga ya raɗa mini cewa babban ofis suna tambayar me ya sa aka bar ɗaki irin wannan a hannun wanda ba shi da digiri. Aminu da Zainab kuna sakandare, ƙananan kuna firamare. Na lissafa ku ɗaya bayan ɗaya, kuma kada ku ɗauka ina ɗora muku ne. Da ku na fake, amma tsoron da na ji na kaina ne. Tsoro nake a ce tsohon mai gyaran rediyo ya taɓa abin da ya fi ƙarfinsa.

Da na koma gida mahaifiyarku ta kawo mini tuwo, ta zauna a bakin tabarma ba ta tashi ba.

"Malam, kai ne ka san injin nan ciki da waje. Ka duba wa Yaya mana."

"Na duba."

"To me ka gani?"

"Abin da suka gani."

Ta kalle ni ta ce:

"Yaya Sabi'u ne fa. Shi ya goye ni ya kai ni asibiti da ƙafa lokacin da maciji ya sare ni."

Na ce mata ta bar ni in ci abinci.

Washegari aka shimfiɗa tabarmi a inuwar darbejiya. Mai unguwa yana zaune, liman a gefensa, dattawa, masu bincike, injiniya, da ni. An ɗora na'urar a tsakiya da ƙyallenta. Kawunku ya zo da farar rigarsa ta Juma'a, ya yi bayani a natse, ya ce tun ranar da aka kawo ta ba ta taɓa kwana a wani ɗaki ba. Ko rantsuwa bai yi ba, don shi a ganinsa ciki da gaskiya wuƙa ba ta huda shi. Ya ma yi murmushi da ya hango ni, irin na wanda ya ga ɗan'uwansa ya iso. Mai unguwa ya juyo wajena.

"Malam Isiyaku, mu nan manoma ne, ba mu san kan abin nan ba. Kai aka ce kana zaune da uwar injinan. Kuma surukinka ne, ba za ka cuce shi ba. Shin wannan abu da ya fitar da takarda yana kuskure?"

Na ce, "Ranka ya daɗe, manhaja ba ta ƙarya. Abin da ta gani shi take rubutawa."

Ku duba irin wayon ubanku. Babu ƙarya ko ɗaya a cikin maganar, ko gaban alƙali za a kai ta. Da ita na yanka mutum. Kawunku ya sunkuya ya ɗauke ƙyallen daga kan na'urar, ya ninke shi, ya sa a aljihu.

Mai unguwa ya roƙi arziki kada a kai maganar wurin 'yan sanda, aka sallame shi daga aiki kawai. Da ma ɗaurin aka yi masa, da ya fi sauƙi, don ɗauri yana da ranar ƙarewa. Bayan mako biyu liman ya yi tafiya, aka tayar da iƙama, kawunku ya matsa gaba kamar yadda ya yi shekara ashirin yana yi. Sai wani dattijo ya riƙe masa hannun riga, ya tura wani. Babu wanda ya ɗaga murya. Daga ranar ya koma sahun baya, kusa da takalma. Masu kawo masa ajiyar iri suka daina, masu kiransa raba gardamar iyakar gona suka daina. Yaransa aka riƙa kiransu 'ya'yan mai injin.

Ni kuwa aka sabunta mini takarda. A ranar na mayar da kiran sunan Talata da asuba, ban gaya wa kowa ba. Kundin nan da ke ɗauke da layuka huɗu, na san ba ya wuce wata uku, manhajar take share tsohon rubutu da kanta don ta sami wuri. Kowace safiya in na shiga sai na buɗe na kalle su, in ce wannan makon zan kira injiniya in nuna masa. In ya shigo sai in tambaye shi labarin man janareto. Ko hoto ban ɗauka da waya ba, kuma ba mantuwa ba ce. Wata Litinin na buɗe na tarar babu su. Zan faɗa muku abin da na ji a lokacin, ko da za ku tsane ni: daɗi na ji. Na sauke ajiyar zuciya, na aika aka sayo mini shayi da burodi.

Aikin da na sayar da mutum saboda shi bai kai shekara biyu ba. Kamfanin ya kwashe na'urorin ya mayar Kano, aka cire esi, aka buɗe tagogin, ɗakin ya zama shagon sayar da taki. Aka ba ni takardar yabo mai ɗauke da kalmar amana. Tana cikin akwatin ƙarfen nan na ƙarƙashin gado, in na mutu ku ƙone ta.

Sai da na rasa abin da zan rasa sannan jarumtaka ta zo mini. Mahaifiyarku na fara gaya wa. Tana tankaɗe, na faɗa mata komai tun daga Juma'ar farko. Ba ta yi kuka ba, ba ta zage ni ba, ta dai ajiye rariyar.

"Shekara uku ina jin kunyar zuwa gidanmu, ina cewa Yaya ya zubar mana da mutunci. Ashe a ɗakina ɓarawon yake kwana."

Tun daga ranar ba ta ƙara kirana Malam ba, sai Baban Aminu, kamar yadda maƙwabta suke kirana. Kun lura ko ba ku lura ba, ban sani ba.

Na hau mota zuwa Kabo, na hau babur zuwa ƙauyen, na sami mai unguwa da dattawa a inuwar nan dai. Na zube na faɗi komai. Na yi bayanin kiran suna, da Juma'a, da doka ta sau uku, da sitika. Ina magana ina ganin idanunsu suna bin bakina kamar ina karanta musu Turanci. Da na gama mai unguwa ya tambaye ni ko akwai takardar da za ta nuna haka. Na ce ta goge. Ya tambaya ina injiniya, na ce ya bar ƙasar. Sai ya gyaɗa kai, ya dubi liman, suka yi murmushi.

"Malam Isiyaku, Allah ya yi maka albarka. Zumunci ya kai zumunci. Mutum ya taso tun daga Gwarzo ya ɗora wa kansa laifi don ya wanke surukinsa, wannan sai ɗan halak."

"Ranka ya daɗe, wallahi ba wanke shi nake ba, ni na yi!"

"Mun ji, mun ji. Ai da bakinka ka gaya mana injin ba ya ƙarya. Tashi, kada ka ɗauki zunubin rantsuwa a kan abin da ya wuce."

Aka kawo mini fura. Na je in kwance wa kawunku ƙulli, na ƙara ɗaure shi, ni kuma na fito da sabon rawani na mutumin kirki. Sau biyu na sake komawa a shekarar, kowane zuwa sai labarin kirkina ya ƙara yaɗuwa.

A zuwa na uku ne na same shi a gona, yana cirar gyaɗa shi kaɗai. Ya rame, gemunsa ya yi fari tas. Muka gaisa, ya tambaye ku ɗaya bayan ɗaya da sunayenku. Na fara magana, ya ɗaga mini hannu.

"An gaya mini abin da kake zuwa faɗa. Na yarda da kai, Isiyaku. Tun ranar da ka ƙi kallon idona a ƙofar mai unguwa na san akwai abin da ka sani."

"Yaya, ka yafe mini."

"Na yafe tuntuni. Ba don kai ba, ba na son in je gaban Allah da kayan wani a kaina. Amma ina roƙonka abu guda."

"Ko mene ne, Yaya."

"Kada ka ƙara zuwa. Mutane sun fara mantawa, har an fara ba yarana hannu a kasuwa. Duk zuwan da ka yi sai ka tuna musu. Ka bar ni haka."

Ya sunkuya ya ci gaba da cirar gyaɗarsa. Na tsaya a kansa kamar dogon icce, daga baya na juya. Ko taya shi cira ban yi tunanin yi ba sai da na kai bakin titi.

Na cika masa wannan alkawari, shi kaɗai ne abin da na taɓa cika masa. Ban sake taka garin ba sai bara, da aka kira aka ce ya rasu bayan zazzaɓin kwana huɗu. Kun je ta'aziyya tare da ni, amma kuna can wajen samari, ba ku ji abin da ya faru a zaure ba. Ana cikin addu'a, dattijon nan da ya taɓa riƙe masa hannun riga a masallaci ya matso kusa da ni. Ya tsufa ƙwarai. Ya kama nawa da hannu biyu, ya ɗaga murya yadda kowa zai ji.

"Allah ya gafarta wa Malam Sabi'u abin da ya ɗauka, ɗan Adam ajizi ne. Kai kuma Malam Isiyaku, ka yi iya ƙoƙarinka ka rufa masa asiri har ya koma ga Ubangijinsa. Yadda ka rufa nasa, Allah ya rufa naka duniya da lahira."

Zauren gaba ɗaya ya ɗauka da amin. 'Ya'yansa maza suna zaune a gabana, kansu a ƙasa. Na buɗe baki, Allah ne shaidata na buɗe, sai na tuna abin da ya roƙe ni a gona, kuma har yau ban sani ba ko don shi na yi shiru ko don kaina. Dattijon bai saki hannuna ba, yana jira.

Na ce amin.